Ruwan Baftisma Ba Ya Wanke Hausanci

Akwai kalmomi biyu da suka daɗe suna rikita tunanin jama'a a ƙasar Nijar, kuma ba safai ake tsayawa a tone asalinsu ba. Ta farko ita ce «baptême». A faransancin da ake yi a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram, idan ma'aikaci ya nemi izini wurin shugabansa don ya tafi «baptême», kowa ya san inda ya dosa: gidan suna ne, inda liman zai raɗa wa jariri suna da sassafe, a yanka rago, a raba goro, wanzami ya yi aski. Kalmar da asalinta sunan ibadar Kirista ce ta koma sunan bikin Musulmi, har an manta mafarinta. Ta biyu ita ce «annasara». Larabci ya kawo ta da ma'anar mabiya Annabi Isa, amma a bakin Bahaushe ta zama sunan farar fata, ko mai addini ne ko marar addini. Harshe ɗaya ya mai da baftisma bikin suna, ɗaya harshen kuma ya mai da Kirista Bature.

Tsakanin waɗannan kurakurai biyu ake haihuwar ɗan Katolika a kudancin Nijar. Abin takaici, gidajen Katolika da dama sun karɓi kurakuran hannu bibbiyu. Suna shirya baftismar jariri kamar yadda ake shirya biki, sannan su fito da shi daga majami'a da suna da harshe da kamanni na baƙo. Ikilisiyar da suke bi ba ta nemi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma dokokinta suna nan a rubuce ga mai son dubawa. Al'ada ce ta koyi da alfahari aka yafa wa mayafin addini, kuma yaron da ba a shawarta ba shi ne zai biya kuɗinta tsawon ransa.

Shirin da doka ta nema da shirin da ake yi

Kundin dokokin Ikilisiyar Katolika, wanda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ƙaddamar a 1983, bai yi rowar bayani kan wannan batu ba. Doka ta 851 ta ce a karantar da iyaye da masu tsaya wa yaro ma'anar baftisma da nauyin da ke biye da ita, ta ɗora wa fada alhakin tara iyalai don wannan karatu, da ziyartarsu gida inda hali ya yi. Doka ta 867 ta wajabta wa iyaye su kai jariri cikin makonnin farko na haihuwa, ta kuma ce su je wurin fada da wuri, ko ma tun ciki bai sauka ba, don a shirya su. Doka ta 868 ta gindaya sharaɗi mai nauyi: sai da yardar aƙalla ɗaya daga cikin iyaye, kuma sai akwai kyakkyawan zato mai tushe cewa za a raini yaron cikin addinin, idan babu wannan zato sam, a jinkirta, a kuma faɗa wa iyaye dalili.

Duk wanda ya karanta waɗannan dokoki zai ga cewa manya ake shiryawa, domin jariri ba ya alkawari. Uwa da uba ne za su tsaya gaban jama'a su ɗauki nauyin da ba a saukewa. To amma a je gidan mai jego a ga abin da ake kira shiri: atamfar anko, hayar rumfa da kujeru, buhun shinkafa, mai ɗaukar hoto, katin gayyata da aka buga da faransanci. Zaman karatun da fada ko malamin katikisim ya sa, shi ne ake zuwa a makare, ko a aiko uwa ita kaɗai da goyo, uba yana can yana neman bashi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma ga mutane suna koyon amsoshin alkawari a ƙofar majami'a, ranar da za su ɗauke shi.

Mafi muni shi ne jinkiri. Sau nawa ake ɗage baftisma wata shida, shekara, har yaro ya fara tafiya, don kawai jikkunan biki ba su taru ba? A ƙasar da zazzaɓin sauro da gudawa ke ɗaukar jarirai kowace damina, wannan caca ce da abin da iyayen da kansu suka ce sun yi imani da shi. Talauci kuma ba hujja ba ne, domin doka ta 848 ta hana mai hidima neman wani abu fiye da baikon da hukumar Ikilisiya ta ƙayyade, ta kuma ce kada a hana matalauci sakramenti saboda rashinsa. Kayan ibadar kaɗan ne: ruwa, man shafawa mai tsarki, farar riga da kyandir da ake kunnawa daga kyandir ɗin Ista. Sauran duka kasuwa ce ta ƙaro su.

Wannan muhawara ta lokaci ba sabuwa ba ce, kuma a Afirka aka fara yanke ta. Wajen shekara ta 253, a Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, wani bishop mai suna Fidus ya kawo ra'ayin a jira kwana na takwas kafin a yi wa jariri baftisma, koyi da ranar kaciyar Yahudawa. Taron bishop 66 ƙarƙashin Siprianus ya ƙi, ya ce kada a tsare wa kowa rahamar Allah don jiran wata rana. Idan magabatan Kartaj sun ga jiran mako guda ya yi tsawo, me za su ce da mai jiran albashin ƙarshen shekara?

Suna linzami ne

Tambayar farko da fada ke yi wa iyaye a bakin ƙofa ita ce sunan da suka ba ɗansu. Fada ba ya raɗa suna, tambaya yake yi. A nan ne mutane da yawa ke miƙa wuya ga wata doka da ta riga ta mutu. Tsohon kundi na 1917, a dokarsa ta 761, shi ne ya bukaci a ba yaro sunan Kirista, in iyaye sun ƙi a ƙara masa sunan wani waliyyi a rubuta duka biyun. Kundin 1983 ya sauya wannan. Doka ta 855 abu ɗaya ta hana: sunan da ya saɓa wa ruhin Kiristanci. Sunan wani iskan bori zai faɗa cikin wannan hani, haka ma suna na zagi ko na saɓo. Amma Arzika, Nomau, Abarshi, Ɗanladi, Talatu, Delu ko Anaruwa, wane laifi suka yi wa Linjila? Fiye da shekara arba'in ke nan da buɗe wannan ƙofa, har yanzu ana ratsawa ta taga.

Sunayen da ake ɗauka masu tsarki ne don kawai sun zo cikin kalandar Faransa, su ma sunayen gida ne a harsunan da suka haife su. Pierre dutse ne, Paul ƙarami, Irène salama, Félicité murna, Benoît mai albarka, Dieudonné kyautar Allah. Mutane ne suka tsarkake sunayen da halinsu, sunayen ba su tsarkake kowa ba. Kizito, ƙaramin cikin shahidan Uganda 22 da Paparoma Bulus na Shida ya ayyana waliyyai a 1964, da sunan ƙasarsu duniya ta san shi, kuma yau ana sa wa yara shi daga Kampala har Kwatano. Bakita, ƴar Darfur da aka ayyana waliyyiya a 2000, sunan da masu fataucin bayi suka laƙaba mata ne da larabci, ma'anarsa mai sa'a. Da iyaye da malaman kowane zamani sun tsaya kan jerin sunayen da suka tarar, da har yau babu waliyyi ko ɗaya mai sunan Afirka ta baƙar fata.

Ko ga mai son sunan Littafi Mai Tsarki, hausa ba ta gaza ba. Tun 1932 aka buga cikakken Littafin da hausa, kuma a ƙetaren iyaka Kiristocin arewacin Najeriya sun daɗe suna amsa Bitrus, Bulus, Yohanna, Istifanus, Alisabatu da Rifkatu, suna kuma sa wa ƴaƴansu Godiya, Alheri, Murna, Haske da Kyauta. Akwai ma sunayen da maƙwabta Musulmi ke girmamawa daidai da Kirista: Yusufu, Dauda, Ibrahim, Iliya, Maryamu, Saratu, Hannatu. Yaron da ake kira Yusufu a lakwal ɗin Tasawa ba ya buƙatar bayyana kansa kowace safiya. Wanda aka sa wa sunan da kakarsa ba ta iya furtawa, za a yi masa wani a tsakar gida, ya tashi da suna biyu: ɗaya na ranar Lahadi da takardu, ɗaya na rayuwa. Tsohon labarin raha da ake bayarwa a ƙasashe masu faransanci, na mutumin da ya duba kalanda ya sa wa ɗansa «Fêtnat» don ranar ta dace da bikin ƙasa, dariya yake jawowa, amma a ƙarƙashinsa akwai gaskiya mai ɗaci: kayan aro ba ya rufe katara.

Uban baftisma ba asusu ba ne

Abu na biyu da ake yankewa lokacin shiri shi ne wanda zai tsaya wa yaro, wato uban baftisma ko uwar baftisma, waɗanda faransanci ke kira «parrain» da «marraine». Dokoki na 872 zuwa 874 sun fayyace: namiji ɗaya, ko mace ɗaya, ko namiji da mace, mai shekara 16 ko fiye, ɗan Katolika da ya karɓi sakramentin ƙarfafawa kuma yake karɓar Jibin Ubangiji, mai zaman da ya dace da nauyin da zai ɗauka, kuma ba mahaifi ko mahaifiyar yaron ba. Kirista na wata ɗariƙa yana iya tsayawa shaida kawai, tare da ɗan Katolika. Babu inda aka ambaci mota, muƙami ko albashi.

Amma wa ake nema? Babban ma'aikaci da aka kawo gari na shekara biyu, ko ɗan kasuwa da ke zaune Lome, ko wani ɗan uwa a Faransa da zai aiko da kuɗi da hoto. Ranar biki ya zo da babbar kyauta, bayan an yi masa canjin wurin aiki labarinsa ya ɓace. Ita kuwa tsohuwar da ke share majami'a shekara ashirin, wadda gidanta ke kallon gidan yaron, ba a ko tuna da ita. Wannan cuta ba ta Nijar kaɗai ba ce. A 2021 hukumar Ikilisiya ta Kataniya, a tsibirin Sisili na Italiya, ta dakatar da naɗa iyayen baftisma har shekara uku, don ta ga abin ya koma neman ƙulla alaƙa da masu hali. Idan a ƙasar da kusan kowa Katolika ne abin ya kai haka, ina ga inda Kiristoci ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, kamar yadda ƙidayar 2012 ta nuna? A irin wannan wuri, yaro ba ya shaƙar addinin iyayensa daga iskar unguwa. Ranar da abokan wasa suka yi masa tambayar da ta fi ƙarfinsa, yana buƙatar babba da ke kusa, wanda zai iya zuwa wurinsa da ƙafa, wanda zai ba shi amsa ba tare da ya koya masa raina maƙwabta ba.

Da wane harshe ake alkawari?

Kafin a zuba ruwa, ana tambayar iyaye da masu tsaya wa yaro ko sun rabu da Shaiɗan da ayyukansa, ko sun ba da gaskiya ga Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Alkawari ne, kuma alkawarin da mutum ya amsa da harshen da bai ƙware ba, amo ne kawai. Babban taron Batikan na Biyu, da aka yi daga 1962 zuwa 1965, ya buɗe ƙofar harsunan jama'a a ibada cikin takardarsa ta 4 ga Disamba 1963, ya kuma umarci a gyara tsarin baftismar jarirai yadda matsayin iyaye zai fito fili. Sabon tsarin ya fito a 1969. Waɗanda suka sauke latinanci ba su yi haka don a ɗora faransanci a gurbinsa ba.

Babu mai musun cewa akwai majami'un da ake waƙa da addu'a da hausa, kuma malaman katikisim sun yi aikin da ba a biya su ba a ƙauyukan Arewa, wajen Dogon Dutsi. Laifin yana ga masu ilimin boko da ke jin baftisma ba ta cika ba sai an yi ta da harshen ofis, ko da uwar jaririn da kakanninsa ba su jin komai. Batun ma ya wuce na alfahari, ya kai ga rai. Dayosis ɗin Maraɗi, da aka kafa a 2001 da Ambroise Ouédraogo a matsayin bishop na farko, ya haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa, wato mafi yawan faɗin ƙasar, limamai kuwa ƴan kaɗan ne. Doka ta 861 ta ce idan larura ta matsa, kowane mutum mai niyyar da ta dace yana iya yin baftisma: ya zuba ruwa ya ambaci sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Uwar da jaririnta ke shure-shure da tsakar dare, tafiyar yini daga fada mafi kusa, da hausa za ta tuna kalmomin idan da hausa aka koya mata. Shirin da bai koya mata wannan ba, bai shirya ta ba.

Masu ja da maganar

Za a ce Katolika da yawa a biranen Nijar asalinsu Benin, Togo da Burkina Faso, kuma faransanci ne ke haɗa su. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a hana iyalin da ya zo daga Widah sunan kakanninsa ko harshensa. Hujjar da ta kare Arzika ita ce ta kare Kosi da Tindano. Amma ƴaƴansu da aka haifa a Zariya ta Maraɗi ko a Birni ta Damagaram da hausa suke wasa, da ita suke faɗa, da ita suke mafarki. Tun Maris 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ba hausa matsayin harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Majami'ar da ke shirya ƴaƴanta don Nijar ta 1960 tana shirya su ne don ƙasar da babu ita.

Za a kuma tuna da Mobutu, wanda ya haramta sunayen Kirista a Zayar a 1972 har Kadinal Malula ya bar ƙasar na wani lokaci, da Tombalbaye na Cadi da ya bi sahunsa a 1973. Waɗannan mulkin danniya ne da ya ƙwace wa iyaye zaɓi. Abin da ake nema a nan akasinsa ne: a sanar da iyaye zaɓin da dokarsu ta riga ta ba su. Wanda ya san yana da ƴanci sannan ya zaɓi Thérèse don ƙaunar waliyyiyar, ya yi daidai. Wanda ya zaɓa don yana zaton Allah ba ya jin Ladi, an cuce shi, kuma wanda ya san gaskiya ya yi shiru yana da hannu a cutar.

Wasu za su ji tsoron gauraya addini da al'ada. Maganin gauraya shi ne a raba abubuwan biyu, kowane ya zauna a mazauninsa. Taron kwana bakwai hakkin dangi ne da unguwa: a sanar da suna, a raba goro, a ci ƙauri, gwaggo Musulma da kaka mai bin gargajiya su sa albarka, tunda doka ba ta ba su damar tsaya wa yaro a majami'a ba amma jini ya ba su matsayin da ba a ƙwacewa. Baftisma kuma ta biyo cikin makonni, ranar Lahadi, gaban jama'ar masu bi, ba tare da biki na biyu ba. Paparoma Bulus na Shida ya faɗa a Kampala tun 1969 cewa ƴan Afirka suna da iko, har ma wajibi, su yi Kiristanci mai kamannin Afirka, kuma takardar da Yohanna Bulus na Biyu ya sa wa hannu a Yawunde a 1995 ta nanata haka. Izini ya daɗe da fitowa daga sama; a ƙasa ne aka riƙe shi.

Abin da ke kan faifai

Ranar 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen wata jaridar Faransa ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙonen majami'u. Mutane goma suka rasa rayukansu, gomman wuraren ibada suka ƙone, Kiristocin Damagaram da yawa suka fake a barikin soja. Alhakin wutar yana kan wanda ya kunna ta, kuma babu suna ko harshe da ke halatta ƙona gidan mutum. Akwai Musulmi da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu a ranakun nan, su ne suka riƙe mutuncin gari. Amma tunanin da ya sa aka huce haushin birnin Paris kan talakan Damagaram shi ne tsohon kuskuren nan na «annasara»: Kirista Bature ne, majami'a ofishin jakadanci ce. Ikilisiyar da ta kafa mishan ɗinta na farko a Yamai a 1931, wadda sai a 2014 aka naɗa ɗan ƙasa, Laurent Lompo, babban bishop ɗinta, ba ta da dalilin ƙara wa wannan kuskure itace da hannunta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gyaran ba ya buƙatar taron ƙasa ko tallafin waje. Fada ya karanta wa iyaye doka ta 855 da hausa tun zaman farko. Malamin katikisim ya kai karatun gida, inda uba da kaka za su ji, ya koya wa kowace mai ciki yadda ake baftismar larura. A tambayi wanda za a naɗa uban baftisma inda yake kwana kafin a tambayi inda yake aiki. A sa ranar baftisma bisa ranar haihuwa, a bar aljihu ya biyo baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a makonnin nan na jego ake yanke ko yaron zai tashi yana jin ƙasar nan tasa ce, ko zai tashi yana neman afuwar zama a gidan ubansa.